Sojojin Roba da Sajen Ras Al Khor

Akwai wata yammacin Juma'a a Dubai da ko zan kai shekara ɗari a duniya ba za ta goge daga zuciyata ba. Ba haɗarin mota na gani ba, ba kuma asara na yi ba. A falonmu abin ya faru, a kan teburin cin abinci, kuma ni na jawo shi da hannuna, ina dariya.

A lokacin ina aiki a wani ofishin kago a unguwar Port Saeed. Aikina takardu ne. 'Yan kasuwarmu na Kano su sayi kaya, ni in cike takardun kwantena, in bi sawu har a ɗora ta a jirgi. Mu huɗu ne a filat ɗaya a Al Muraqqabat. Wanda bai zauna garin nan ba, ba zai gane yadda mutum zai kasance cikin dubban jama'a kuma kaɗaici na cinsa ba. Ka tashi aiki, ka shiga ɗaki, ka kalli waya har ido ya yi maka ciwo. Ana cikin haka wani Bature da ke turo kaya ta ofishinmu ya ja ni wani shago, ya ce in zo in ga abin da suke yi ranar hutu.

Da na shiga sai na tarar da manyan mutane, wasu har da furfura, sun kewaye wani tebur da aka shimfiɗa shi kamar hamada. Ga tuddai na soso, ga 'yan itatuwan dabino, ga sojojin roba da ba su fi gaɓar yatsa ba, kowa da rundunarsa da ya yi wa fenti da hannunsa. Da tef ake auna tafiyar soja, a jefa 'yan lido a ga ko harbi ya samu ko ya kuskure. Ranar farko dariya na yi musu a raina. Zuwa na uku sai ga ni na sayi burushi da kwalaben fenti. Abokan zamana suka samu abin yi. Da na baje kayana sai ɗaya ya ce, "To, magidanci da gemu zai fara wasan 'yar tsana." Ban damu ba, don na samu abin da ke raba ni da tunani.

Yaƙin hamada na zamanin yaƙin duniya na biyu suke bugawa. Da na karanta cewa har mutanenmu an kwasa an kai su gabashin Afirka a wancan lokaci, sai na ce ni rundunar baƙar fata zan haɗa. A nan aiki ya same ni. A wasan nan ba a yarda ka zubo sojoji kamar gyaɗa ba. Dole ka tsara su yadda sojan gaske ke tsaruwa: mutum nawa ne a ƙaramin rukuni, wa ke ba su umarni, wa ke riƙe da bindiga mai jigida, mota nawa, ina mai rediyo yake tsayawa. Na shiga bincike haiƙan. Na sauke tsofaffin littattafai a waya, na sayi littafin rubutu na cika shi da zane-zane, saje a nan, kofur a can. Amma wannan littafi ya ce mutum goma, wancan ya ce takwas, wani kuma ya ce ya danganta. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙashin kifi.

Kusan kowane mako ina zuwa Ras Al Khor, unguwar garejoji, duba injuna da kayan mota kafin a loda su. A garejin da muka fi hulɗa da shi akwai wani dattijon makanike, Kirista ne daga wajen Jos, zai yi shekara hamsin da wani abu. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan Pakistan ɗin da ke wurin. Mutum ne marar magana. Mai garejin zai yi ta masa faɗa a kan abin da ba laifinsa ba, shi dai sai ya ce "Okay, sir", ya koma ƙarƙashin mota. Gaskiya ni ma kallon bawan Allah mai sanyi nake masa, irin wanda duniya ta gama tankwarawa.

Wata rana ina zaune a kan tsohuwar taya ina jiran a gama ɗaure wani inji, ina duba zanen da na yi, sai ya zo wucewa yana goge hannu da tsumma. Ya ɗan leƙa, ya tsaya.

"Malam, wa ya ce maka saje yana gaba?"

Na ce littafi ne ya faɗa.

"Littafi bai taɓa shan rana ba," ya ce. "Kuma goma ɗin nan da ka rubuta, a takarda ne. Ɗaya na zazzaɓi, ɗaya an aike shi, ɗaya gudawa ta kwantar da shi. In ka fita da bakwai ka gode Allah."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, ka yi soja ne?"

Ya ce ya yi, shekara ashirin da biyu, ya fita yana saje, kuma ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a hamadar yammacin Sudan. Da na ƙara tambaya sai ya ce, "Bar maganar nan, Malam. Ta wuce."

Yau in na tuna, a nan ya kamata in tsaya. Mutum ya ce maka bar shi, da Hausa, ba da wani yare ba. Amma ni a lokacin gani nake na tsinci dami a kala. Ga wanda ya san amsar duk tambayoyina, ya san hamada da ƙafarsa, a ce in bar shi? Na bi shi da naci. Duk zuwana sai na kawo zancen. Da wani Alhaji ya zo daga Kano da kilishi, na ɗibar masa. Na nuna masa hotunan sojojina a waya, na ce ba komai nake so ba, ya zo kawai ya jera mini su daidai. Kusan wata biyu ina wannan, har ran nan ya ce, "To, zan zo. Amma jerawa kawai."

A shekarun nan Juma'a ce ranar hutu, har coci ma ran Juma'a suke zuwa. Shi ya je cocinsa da safe, ni na sauko daga masallaci, bayan la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya sa farar riga mai guga, ya cire takalminsa a bakin ƙofa ya jera su tsaf. Abokan zamana duk sun fita. Na riga na shimfiɗa ƙyalle mai kalar yashi a tebur, na dasa tuddai, na yi wani busasshen rafi da ya ratsa tsakiya. Na kawo masa shayi.

Da farko abin ya yi daɗi ƙwarai. Ya ɗauki soja ɗaya ya kai kusa da ido, ya yi murmushi, ya ce na iya fenti amma takalmin ya yi tsabta da yawa. Sannan ya fara jerawa, sai na ga wani mutum dabam, ba Baban gareji ba. Muryarsa ta buɗe, kafaɗarsa ta miƙe. Ya ce mai bindiga mai jigida ba ya tafiya shi kaɗai, dole da mai ɗaukar masa harsashi a gefensa. Ya ce mai rediyo kusa da shugaba yake, amma ba manne da shi ba, kada harsashi ɗaya ya ɗauke su tare. Ya ce a hamada ba bindiga ce sarki ba, ruwa ne, duk tsarin da ka gani don a kare tankar ruwa aka yi shi. Ya ɗauki motoci biyu ya sa ɗaya gaba ɗaya baya, ya sa wata babba a tsakiya ya ce ita ce tanka. Ni kuwa sai rubutu nake cike da murna. Abin da na yi wata da watanni ina nema, ga shi a cikin rabin awa.

Sai na ce, "Baba, bari in nuna maka yadda muke bugawa."

Ya ce, "Ai jerawa kawai muka yi da kai." Na ce minti biyu ne. Na ɗebo sojojin abokan gaba na ɓoye su a cikin busasshen rafin nan, daidai inda motocinsa za su tsallaka. Na auna da tef, na jefa 'yan lido, suka ba ni shida-shida. Na tuntsire da dariya, na sa yatsa na tunkuɗe motar gaba, na bi sojoji huɗu na kwantar da su. Na ce, "Khalas, shi ke nan, waɗannan sun tafi."

Ban ga lokacin da hannunsa ya taso ba. Sai dai na ji an damƙe mini wuyan hannu, irin damƙar da sai da na ji ta har ƙashi. Na ɗago na kalle shi, dariyar ta ɗauke. Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake kallo ba. Gumi ya keto masa a goshi, alhali sanyin ɗakin har ya yi yawa.

"Ba haka aka yi ba," ya ce, a hankali.

Ya sake ni. Ya tayar da motar, ya tayar da sojojin ɗaya bayan ɗaya, ya mai da kowa wurinsa. Sannan ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da rahoto ga na gaba da shi. Ya ce da hantsi ne, sun rako tanka daga rijiya za su koma sansani. Shi yana motar baya. Motar gaba na shiga rafin aka buɗe mata wuta daga gefe biyu.

Ya ɗora yatsa a kan soja na farko. "Wannan mai jigida ne, ɗan Zuru. An haifa masa 'ya mace, bai gan ta ba." Ya kwantar da shi, a hankali, kamar mai shimfiɗe jariri. "Wannan mai ɗaukar masa harsashi, yaron Katsina, yana azumin nafila ranar. Wannan kofur ɗina, shekara tara muna tare." Shi ma ya kwantar.

Biro na hannuna, ban san ya faɗi ba.

Ya ɗauki na huɗu, bai kwantar da shi ba. Ya riƙe shi a tafin hannu.

"Wannan direba ne. Ƙanen matata. Ni na kawo shi soja, ni na cike masa fom. Uwarsu ta kama hannunsa ta sa a nawa."

Ya ce direban bai mutu nan take ba. Motar ta kife a gefe, ƙarfe ya danne masa ƙafa, amma rediyon motar na aiki. Shi kuma a motar baya yana da mutum uku da suka ji rauni, jini na zuba, ga tanka da dole ya fitar, ga wuta ba ta tsaya ba. Sau biyu suka yi yunƙurin isa wurinsa, aka kore su. Sai ya ba da umarni a juya.

"Muna tafiya yana kirana a rediyo. Ba saje yake ce mini ba. Yaya yake cewa. Yaya, ina ganin ƙurarku. Yaya, ku dawo. Yaran da ke mota duk suna ji, suna kallona." Ya dubi sojan da ke tafin hannunsa. "Na sa hannu na kashe rediyon. Ba lalacewa ya yi ba, Malam. Ni na kashe."

Ina jin ƙarar firij daga kicin.

Ya ce sai washegari suka samu ƙarin sojoji suka koma. Ba su same shi a motar ba. Ya zare ƙafarsa, Allah kaɗai ya san yadda ya yi, ya bi sawun tayarsu da rarrafe. Baba ya ajiye sojan a kan ƙyallen, ya fara tura shi da yatsa, kaɗan-kaɗan, ya wuce tanka, ya wuce motar baya, har ya kai shi bakin tebur. "Kamar daga nan zuwa tashar jirgin metro," ya ce. "A nan muka same shi."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa da surukarsa cewa harsashin farko ne ya ɗauke shi, bai ma san an yi ba. Fiye da shekara goma ke nan, bai taɓa canza maganar ba. Amma matarsa kamarsu ɗaya da ƙanen, har wushiryar. Ya kasa cin abinci a gabanta. Da ya bar soja aka ce ana neman makanikai a Dubai, bai ko tambayi albashi ba.

Daga nan ya miƙe, ya buɗe ƙofa ya fita. Na zauna kamar an dasa ni. Sai bayan wani lokaci na farga na bi shi da gudu, na sauka ƙasa, na duba titi hagu da dama, babu shi. Da na hawo sai na ga takalminsa a bakin ƙofa, a jere yadda ya ajiye. A tsakiyar zafin Dubai, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa ko da yamma, mutumin nan ya tafi ba takalmi, bai kuma sani ba. Ganin takalmin nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na kira wayarsa, a kashe. Asabar na tafi Ras Al Khor da sassafe, bai zo aiki ba. Lahadi ma haka. Waɗanda suke ɗaki ɗaya suka ce ya shigo, ya kwanta da kayansa, gari na wayewa ya fita, ba ya ce wa kowa uffan. Mai garejin ya cika ya batse, ya ce in bai gan shi ba nan da kwana biyu zai kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu. Duk wanda ya zauna can ya san ma'anar wannan: biza ta tafi, aiki ya tafi, a tasa ƙeyarka gida. Na roƙe shi, na ce ba shi da lafiya ne, ni zan nemo shi. Ya ce, "Yalla, maza nemo shi." Kwana biyun nan ko abinci ban iya ci ba. Tunani nake, in wani abu ya sami dattijon nan, me zan ce wa Allah? In ce ina son in san mutum nawa ne a rukunin soja?

Ran Litinin da safe, ina tafiya ofis ta bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi, sai na hango farar riga a tsakanin tulin kwalaye. Yana zaune a kan dakalin siminti, da wasu silifas na roba a ƙafarsa, yana kallon ma'aikata na ɗora firij a jirgi. Ashe kullum nan yake wuni, taku kaɗan daga ofishina. Na je na tsuguna a gabansa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka ce in bari, na ƙi."

Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya ce, "Tashi, Malam, mutane na kallo. Zauna nan." Na zauna. Ya ce kwana uku ke nan yana kunna waya yana kashewa. Yana son ya kira gida, hannunsa ya ƙi. "Tunda na faɗa maka, kai da ba ka san shi ba, ita matata da suka sha nono ɗaya fa? Zauna kusa da ni kawai. Kada ka ce komai."

Ya kira. Da yarensu suka yi maganar, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Yesu da yake ta maimaitawa. Ya yi magana mai tsawo, muryarsa na karyewa. Sannan ya koma saurare, sai na ga bakinsa ya buɗe, fuskarsa ta canza, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Hawaye na zuba bai share ba. Ya ajiye wayar ya juyo.

"Ta sani," ya ce.

Na ce, "Ta san me?"

"Duka. Har rediyon. Ɗaya daga cikin yaran da suka ji rauni ya je gaishe ta bayan an sallame shi daga asibiti, ya faɗa mata komai. Ya ce ba don na juya motar ba da shi ma ya mutu. Tun kafin in bar soja ta sani." Ya girgiza kai. "Ta ce ba ta taɓa riƙe ni a kan ƙanenta ba. Ta ce abin da ta riƙe ni da shi, na bar ta ta yi makoki ita kaɗai, na gudu na bar ta da yara. Ta ce jira take in faɗa da bakina, ta ga ko har yanzu ni mijinta ne."

Shekara goma da ɗoriya, miji na ɓoye wa mata abin da ta sani, mata na jiran miji ya buɗe baki, teku da hamada a tsakaninsu.

Ranar na raka shi gareji da kaina. Mai garejin ya yi faɗansa ya gaji, Baba ya ce "Okay, sir", ya shiga ƙarƙashin mota. Bayan wata bakwai kwantiraginsa ya ƙare, bai sabunta ba. Ya koma gida ya buɗe ɗan garejinsa a bakin hanya. Muna gaisawa har yanzu, yakan kira ni da Sallah, ni ma in kira shi da Kirsimeti. Ya taɓa ce mini Allah ne ya turo ni. Ban karɓi wannan yabo ba, kuma ba zan karɓa ba. Abin ya zo da sauƙi ne kawai. Da ya faɗa gaban mota a ranar nan da ya fita ba ya cikin hayyacinsa, da wani labarin nake ba ku yau.

Abin da na koya shi ne, ba kowane sani ne yake kwance a littafi yana jiran mai ɗauka ba. Wani sanin a jikin mutum yake, da jini aka rubuta shi, in ka ja shi da ƙarfi da nama zai fito. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa sai da na ga dattijo ya rushe a gabana sannan na gane nauyin maganar. Tun daga ranar, in na tambayi mutum abu ya ce mini "bar shi", to na bar shi ke nan. In ya ga dama wata rana ya buɗe da kansa, zan ajiye biro in saurara.